Injin wankin mota ya ɓare bangon zaurenmu, Baba ya yi fushi da ni

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne, ina aiki a Samaru, amma gidanmu na gado yana cikin Birni, wajen Ƙofar Doka. Kwanan baya na sayi ƙaramin injin feshin ruwa mai aiki da lantarki a Sabon Gari, irin na masu wankin mota, an rubuta 130 bar a jikinsa. Saura mako uku bikin ƙanwata, ga damina ta bar mana bango duk gansakuka da jirwayen jar ƙasa, sai na ce bari in wanke gidan mu fita kunyar baƙi. Na fara da bangon zaure. Ban yi minti biyar ba shafen siminti ya ɓalle kamar faɗin faranti, jan ruwa ya riƙa gangarowa. Ashe ginin ƙasa ne aka shafe da siminti tun ban san kaina ba. Baba ya fito ya duba, ya ce kakana ne ya gina zauren nan, ya juya ya shige. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma ya ce kada ya ƙara jin ƙarar injin a gidansa. Sashen baya na bulo ne mai fenti, tsakar gida kuma intalok. Injin ne ba shi da kyau, ko ni ne ban iya ba? Yaya zan wanke sauran ba tare da na ƙara ɓarna ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a bikin, ya ba amarya da ango zaman lafiya.

Injinka lafiyarsa ƙalau, aikin da aka ƙera shi dominsa ya yi. Kai ne ka karanta rubutun jikin inji, ka manta ka tambayi abin da ke ƙarƙashin fenti. A Zariya kuwa wannan tambayar ita ce gaba da komai, domin a layi ɗaya za ka ga gidan bulo jingine da gidan tubali da aka lulluɓe da siminti, fentinsu iri ɗaya, mai wucewa a titi ba zai bambance su ba.

Bari mu fara da lambar nan 130, don ka san abin da ka riƙe a hannu. Bar ma'auni ne na ƙarfin matsin ruwa ko iska. Tayar motarka iskar bar 2 da ɗan ɗoriya take ɗauka. Tankin ruwan da aka ɗora sama, ko tsayinsa ya kai mita 10, ruwan da zai sauko famfo bar 1 ne kacal, kuma yawancin tankunan gidajenmu ba su kai rabin wannan tsayin ba. Naka injin 130. Kamar a kai tanki sama da kilomita guda a sararin sama ne, a matse ruwan ya fito ta ƙofar da ba ta kai kan ashana ba. Wasu injinan da PSI ake rubuta ƙarfinsu. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5, ka ga naka yana wajen 1,900 ke nan, masu aiki da fetur irin na wankin manyan motoci kuma suna kaiwa 3,000 har su wuce. Jikin mota ƙarfe ne mai gasasshen fenti, yana iya jurewa. Bangon kakanka ƙasa ce.

Tubali ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana, wuta ba ta taɓa ta ba. Duk ranar da ta ƙoshi da ruwa, laka take komawa. Magabata sun san haka, shi ya sa suke yi wa bango riga: makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ga indararo mai tsawo yana jefa ruwan sama nesa da gindin gini, ga yaɓe duk bayan damina. Da irin wannan kulawa aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ya kawo har zamaninmu. Kuma babu Bazazzagin da ya manta watan Agustan 2023, da wani ɓangare na masallacin ya rufta kan masallata ana tsakiyar damina. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsohon ginin ƙasa ba abin wasa ba ne.

Da siminti ya shigo, mutane suka huta da yaɓen shekara-shekara, suka shafe bangayensu da shi. Sai dai siminti da ƙasa zaman doya da manja suke yi. Ba ya kama ta sosai, shi ya sa magina ke kafa ƙusoshi ko wayar kaji kafin su yi shafe. Ƙasa ta sha danshi ta kumbura, rani ya zo ta tsuke, siminti kuwa yana nan ƙiƙam. Yau da gobe sai rata ta samu a tsakaninsu, ƙusoshin su yi tsatsa. Ruwanka 'yar tsaga ya samu, ya shige bayan shafen ya turo shi waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, naka ƙadangaren kuwa da bar 130 ya zo.

Wannan bayanin naka ne kai kaɗai. Kada ka kuskura ka kai wa Baba shi a matsayin hujja, cewa ai dama shafen ya saki. Ko da gaskiya ne, ba abin da ke damunsa ke nan ba. Dattijo ya fito ya ga ɗansa ya ɗauki sabon abin wasa ya tunkari aikin hannun mahaifinsa ba tare da ya ce masa uffan ba, wannan shi ne ciwon. Ka same shi bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, lokacin da ba idon jama'a, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure da ban nemi izininka ba, a gafarce ni." Ka tsaya nan, kada ka ɗora da "amma". Sannan ka roƙe shi ya zaɓi maginin da zai gyara, kai ka biya. Shi ya san tsofaffin maginan unguwa da suka iya ƙasa, mai yiwuwa ma ya san wanda ya yi shafen farko. Dattijon da aka mayar wa ragamar aikin gidansa ba ya daɗewa yana fushi. In ka ga har yanzu fuska ba ta sake ba, ka bi ta wajen Hajiya ko baffanka. Maganar inji kuwa, tunda ya ce kada ya ji ƙararsa, to kada ya ji, sai ranar da shi da bakinsa ya ce ka wanke sashen baya. In bai ce ba har biki ya zo, mafi yawan abin da zan faɗa maka a ƙasa bokiti da buroshi mai dogon hannu suna yin sa, gumi ne kawai zai ƙaru.

Ramin kuma kada ka yi gaggawar toshe shi. Ƙasar ciki ta sha ruwa, in aka rufe ta da siminti yanzu an kulle danshi ke nan, wanda ya fi ramin illa. Ka jingina fallen kwano ko katako daga nesa kaɗan, yadda ruwan ƙarshen damina ba zai bugi wurin ba amma iska na shiga. Magini zai bi gefen ramin yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya ji sauti kamar ganga, shafen ya saki, gara a ɓare shi da hannu a gyara gaba ɗaya. Za a cike gurbin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari ta bushe, sannan a yi shafe. Zaure da duk bangon da ke haɗe da shi sun fita daga lissafin inji har abada. Tsintsiya da buroshi mai laushi da jiƙaƙƙen tsumma su ne nasu.

To, mu koma sashen bulo. Shi ma kafin ruwa ya taɓa shi, ka zaga shi da hannu da ido. Ƙwanƙwasa shafen ka saurara. Shafa tafin hannunka a fentin: in ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, fentin ya mutu, inji zai tafi da shi ne ya bar maka bango dabbare-dabbare, wannan sabon fenti yake so. Duba tsagogi, musamman kusurwar tagogi da inda sabon gini ya haɗu da tsoho, a cike su kafin wanki. Sannan ka dubi dattin kansa, domin ba iri ɗaya ba ne. Kore ko baƙin da ke gefen da rana ba ta cika bugawa ba da ƙarƙashin indararo, gansakuka ce da fumfuna, abu ne mai rai. Jan da ya zagaye gindin bango kamar an ɗaura masa zane, fantsamar ruwan kwano ce a kan jar ƙasa. Farin gari mai kama da kanwa da ke tsattsafowa daga shafe kuwa gishirin bango ne, danshi ke fito da shi daga ciki. Wannan na ƙarshen a bushe ake goge shi da buroshi mai tauri. In ka jiƙa shi zai ɓace a idonka, bayan kwana biyu ya dawo ya fi da.

Gansakuka ce ke yaudarar sabon shiga. Yana fesa ruwa yana ganin kore na gudu, sai ya ƙara matsowa, har ya ci fenti. Alhali saman kawai ya kankare, abin da ya shige ƙofofin shafe yana nan da ransa, damina mai zuwa da wuri zai tsiro. Magani ke kashe ta, inji ɗauraya ce aikinsa. Ka sami Hypo ko Jik, kofi ɗaya a ruwa kofi huɗu, ka ɗan barbaɗa garin sabulun wanki don ya kama bango. Jiƙa bangon da ruwa tukuna, sannan ka shafa haɗin da buroshi mai dogon hannu, daga ƙasa ka yi sama. Na san hankali ba ya son haka, amma in ka fara daga sama, ruwan magani zai gangaro kan datti ya zana layuka masu haske da ba sa fita. Bar shi minti biyar zuwa goma, kada ya bushe, shi ya sa ake bin gefen inuwa, da sassafe ko bayan La'asar. Za ka ga koren ya koma ruwan ƙasa da kansa. Sai ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Kada ka zuba Hypo a cikin injin, yana cinye robobi da ƙarafan famfonsa. Kada kuma ka ari injin feshi na goyo da aka yi feshin ciyawa da shi a gona, ragowar maganin ciki ba abin haɗawa da komai ba ne.

Akwai haɗin da ke kai mutum asibiti: Hypo da ruwan wanke masai mai asid irin su Harpic, ko asid ɗin da masu aikin tayil ke wanke siminti da shi. Suna gamuwa sai iska mai guba ta tashi, ta shaƙe maƙogwaro ta ƙona ido. A gidan biki da mata ke ta wanke-wanke, kowa da robarsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ka gaya wa ƙannenka.

Jar ƙasa Hypo ba ya yi mata komai, domin launinta na tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasar ne. Sabulu da buroshi za su rage, inji ya ɗauraye, amma wadda ta riga ta shige fenti mai ruwa ta zauna ke nan. Kada ka yi ta matsa mata. Dabarar masu fenti ita ce a zagaye gindin bango da fenti mai duhu, tsayin gwiwa ko ƙugu, sannan a yi ɗan daɓe ko a zuba tsakuwa inda ruwan kwano ke sauka, fantsama ta ragu.

Yanzu bakin bindiga, wato abin da kake riƙewa kana fesa ruwan da shi. In injinka mai bakuna biyar ne da ake cirewa a sauya, launinsu ba ado ba ne. Ja digiri 0 ne, ruwa ya fito tsinke ɗaya kamar allura. Rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Duk yadda bakin ya buɗe, haka ƙarfin ke rarrabuwa. Ina kyautata zaton da jan ka yi wa zaure aiki, ko kuma ka murɗa bakin har ya tsuke, domin shi ne ke ba mutum sha'awa, yana rubutu a bango kamar alƙalami. Ajiye shi can ƙasan akwatin kayan aiki. Haka ma bakin nan mai juyawa yana ƙugi, jan ne aka sa shi yana zagaye, tsurar kankare kaɗai ya dace da shi. Bango mai fenti fari ne nasa, daɓe da intalok kore.

Ka fara gwaji a wurin da ido ba ya kaiwa, bayan banɗaki ko bayan tanki. Tsaya taku guda daga bango, ka danna kunama bakin yana kallon ƙasa, sannan ka ɗago shi. Matso a hankali har ka ga datti ya fara tafiya, nan ne wurin tsayawarka, kuma ko yaya kada bakin ya fi tsawon rular 'yan makaranta kusa da bango, wato santimita 30. Karkata shi kaɗan, kada ya kalli bango ido da ido. Hannu ya riƙa tafiya kamar mai shara, kowane layi ya hau kan rabin na baya. Inda ka tsaya daƙiƙa uku, nan za ka bar tambari. Kuma kada ka harba ruwa sama ta ƙarƙashin kwano. An yi rufi ne don ruwan da ke saukowa, wanda ya taso daga ƙasa silin zai samu, da wayoyin da ke kwance a kansa.

Kafin ka kunna, rufe tagogi, ka toshe ƙasan ƙofofi da tsumma. Mita, soket ɗin waje, fitilun katanga da makunnin injin rijiya, a kashe layinsu, a ɗaure su da leda, kuma duk da ledar a kewaye su, a goge gefensu da hannu. Akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, siraran fukafukan bayansa lanƙwashewa suke nan take. Farantan sola ruwa da tsumma mai laushi suke so. Rufin asbestos irin na tsofaffin kwatas kada inji ya kusance shi, domin yana tayar da zaren da in ya bushe ya zama ƙura, ya shiga huhu, ba ya fita. Tsohon fenti mai mai da ke jikin ƙyamare da ƙarafan taga shi ma a bar shi. Irin na da yakan ƙunshi dalma, inji kuma zai watsa ɓarɓashinsa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ya sa mu daina raina ta, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito.

Sai ruwa, wanda a garin nan ba a yin maganarsa da wasa. Ƙananan injina irin naka suna shan lita 6 zuwa 8 a minti. Jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25 minti uku zuwa huɗu ce, duro mai lita 200 kuma wajen rabin awa. Ka yi lissafinka kafin ka fara, kada ka ƙarar da ruwan girkin biki ka ƙara wa kanka laifi wajen Hajiya. Wannan ma wani dalili ne na barin magani ya yi aikin, domin ɗauraya ba ta cin ruwa kamar kankara. Ruwan rijiya da na kura ba ya rasa yashi, yashi kuwa shi ke kashe famfon injin, don haka ka duba 'yar matatar da ke mashigar ruwa, ka bar ruwan ya kwanta a duro kafin ka ja. Ba kowane inji ke iya zuƙo ruwa daga ƙasa ba, ɗora duron sama da shi ko ka ja tiyo daga tanki. Buɗe ruwa, danna kunama har iska ta gama fita ruwa ya zo sosai, sannan ka kunna wuta. Injin da ya yi gudu ba ruwa, ko na minti ɗaya ne, ya fara mutuwa. In ka gama, kashe wuta, rufe ruwa, ka sake danna kunama don ƙarfin da ya maƙale a tiyo ya fita kafin ka kwance komai.

Wuta ma haka. Irin waɗannan injina suna jan wat 1,400 zuwa sama da 2,000, kuma lokacin tashi suna jan fiye da haka. Ƙaramin janareto na kallon ƙwallo ba zai ɗauka ba. In an kawo wuta ka ga ƙwai ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, haƙura, irin wannan wutar ke ƙona inji. Wayar da za ka ja ta zama mai kauri, a warware ta duka, mahaɗarta a rataye sama da ƙasa, ba mai ɗaure-ɗauren salatif tana kwance cikin ruwa ba. Akwai 'yar na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, masu aikin waya suna ce mata ELCB ko RCD. In gidanku babu, kuɗinta bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Janareto kuma a fili, nesa da tagogi. Kada a tura shi cikin zaure ko lungu don gudun ƙara, iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi.

Abin da na fi jin tsoro a aikin nan shi ne ƙafa. Na taɓa tsayawa wankin mota, yaron da ke aikin yana sanye da silifas, laka ta ɓata masa ƙafa, ya juya bindiga ya wanke. Ɗan ɗigo ne ya fito a bayan ƙafar, ko jini bai yi sosai ba, muka yi ta yi masa tsiya. Da na koma bayan kwanaki, abokan aikinsa suka ce ƙafar ta kumbura kamar tulu, sai da likitoci suka tsaga ta. Ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na injinka ba ya isa ya huda fata, ruwan ya shige da datti ya bazu cikin nama, daga waje kuwa kamar cizon sauro. Duk wanda hakan ya same shi, a tafi da shi babban asibiti a ranar, asibitin koyarwa na Shika ko wani mai likitocin tiyata, a gaya musu ruwan inji ne ya shiga. Ba aikin kemis ba ne, ba na man zafi ba. Kai kuma ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa irin na masu kwaɓa siminti, da tabarau mai kare ido saboda tsakuwa da ruwan magani, da safar hannu. Yara za su taru, dole ne, gidan biki ne kuma abin kallo ya samu. Ka sa babba ɗaya ya tsare su, kuma ko fitsari za ka je ka kashe injin ka zare waya, domin ba abin da yaro ke so kamar ya fesa wa ɗan'uwansa.

Tsani kuwa babu shi a wannan aiki. Bindigar tana tura mai riƙe da ita baya lokacin da ya danna, ga ƙasa ta jiƙe da sabulu. Inda hannunka bai kai ba daga ƙasa, ɗaura buroshi a gora.

Intalok ba shi da wuya. Share shi, cire ciyawar tsakani da hannu, ka bi da koren baki a karkace. Kada ka bi layin haɗin, yashin da ke ciki shi ke riƙe da duwatsun, in ya fita sai su fara rawa. Bayan ya bushe ka zuba busasshen yashi mai laushi ka share shi cikin ramukan. Ka kuma san inda ruwan zai bi tun kafin ka fara: ya nufi kwata, ya kauce wa bakin rijiya da gindin zogalen Hajiya da wurin kaji, ya kauce wa gindin zaure, kada kuma ya kwanta a lungu jikin katangar maƙwabci, wadda mai yiwuwa ita ma ƙasa ce.

Mako uku ya isa in ka bi shi da tsari, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanakin farko na Baba ne da magini. Wankin sashen baya ya zo a mako na biyu, don bango ya sami kwana biyu ko uku yana bushewa kafin a taɓa shi da fenti. Tsakar gida ta zama ƙarshe, saura kwana biyu ko uku, in ba haka ba masu kai da kawo za su mayar da ita yadda take. Facin zaure dai ba zai sha fenti kafin biki ba. Sabon shafe yana son ban-ruwa kaɗan-kaɗan na wasu kwanaki, siminti kuma sai ya yi kwana 28 yake gama ƙarfinsa, fentin da aka yi masa da wuri ɓarewa yake. Za a ga facin ranar ɗaurin aure. Ka sa a jera bencin dattawa a gabansa, in wani baƙo ya leƙa ya tambaya, a ce masa gyara ake yi.